Wasiƙar hukuma a ajin firamare: yadda ake koyar da ita da kundin darasi, da amfaninta ga yaran Gonin Gora

Yawancin abin da talaka ke nema wajen hukuma a Najeriya da takarda yake farawa. Ko neman aiki ne, ko canjin makaranta, ko ƙorafi kan taransifomar da ta ƙone, ko roƙon a gyara kwalbati, ko tambayar inda kuɗin kwangila suka shiga, sai an rubuta, an sa hannu, an kai ofis an buga hatimi, sannan a ce an san da maganar. Wanda bai iya rubuta irin wannan takarda ba, ko dai ya nemi mai rubuta masa, ko ya haƙura.

A ajin firamare yaro ke fara haɗuwa da wannan takarda, a darasin da ake kira rubutun wasiƙar hukuma. Sau da yawa darasin bai wuce malami ya rubuta samfuri a allo, yara su kwafe su haddace ba. Akwai kuma hanyar kundin darasi, wadda malamai ke kira modul, inda ake rarraba aikin mataki-mataki har yaro ya rubuta tasa wasiƙar da kansa. Wannan bayani ya duba yadda hanyar take, da asalinta, da inda take gazawa, da abin da take nufi ga unguwa irin Gonin Gora da ke ƙaramar hukumar Chikun a kudancin birnin Kaduna.

Mece ce wasiƙar hukuma?

Wasiƙar hukuma ita ce wadda ake rubuta wa mutum saboda kujerar da yake kai, ko da marubucin bai taɓa ganinsa ba. Wasu littattafan Hausa na kiranta wasiƙar aiki ko wasiƙar ma'aikata, don a bambanta ta da wasiƙar zumunci. A tsarin da makarantun Najeriya ke bi, tana da sassa takwas: adireshin marubuci a sama ta hannun dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa, muƙami da adireshin wanda ake rubuta wa ta hannun hagu, gaisuwar buɗewa, kan magana, gundarin wasiƙa, kalmar rufewa, sai sa hannu da cikakken suna.

Kowane sashe da aikinsa. Adireshi na nuna inda za a aiko da amsa. Kwanan wata shi ne shaidar ranar da aka yi magana. Kan magana na taimaka wa akawu ya san fayil ɗin da zai sa takardar. Ana rubuta muƙami maimakon suna saboda mai riƙe da kujera kan sauya, ofis kuwa yana nan. Sa hannu na nufin marubuci ya ɗauki alhakin abin da ya faɗa. Yaron da ya san waɗannan dalilai ba ya mance sassan, wanda ya haddace su kawai kan rikita su da zarar an sauya masa tambaya.

A wasiƙar Turanci ana buɗewa da "Dear Sir" ko "Dear Madam", a rufe da "Yours faithfully". A ta Hausa an saba da "Ranka ya daɗe" ko "Yallaɓai", a rufe da "Naka mai biyayya" ko makamancin haka.

Tsohon ilimi ne a ƙasar Hausa

Kalmar wasiƙa daga Larabci aka aro ta, inda asalinta ke nufin takardar da ake dogara da ita a matsayin shaida. Daular Sakkwato da wasiƙu ta gudanar da mulkinta a ƙarni na 19, ofishin Waziri kuma shi ne cibiyar musayar takardu tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan ƙasashe. Waɗannan wasiƙu suna da tsari tsayayye: bisimilla, daga wane zuwa ga wane, gaisuwa, sai "bayan haka" da ke buɗe ainihin magana, sai sallama da hatimi. Musayar wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno kan halaccin jihadi tana cikin muhawarorin siyasa mafi shahara a tarihin yankin. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, an samu tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, H. F. Backwell ya fassara su zuwa Turanci aka buga a 1927.

Koyar da rubutun wasiƙa da littafi na musamman ma ba baƙon abu ba ne. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a wajajen 1858, ya zauna a Salaga da Kete-Krachi a ƙasar Ghana ta yau har ya rasu a 1934, ya wallafa littafin Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa tun yana matashi, mai suna al-Sarha al-Wariqa fi Ilm al-Wathiqa. A cikinsa akwai samfuran da mai koyo zai bi.

Da boko ya zo, wasiƙa ta zama hanyar da talaka ke isa ga mai mulki. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Janairun 1939, ta riƙa buga wasiƙun masu karatu. Editanta Abubakar Imam ya gana da Lugard a Ingila a 1943, daga baya ya rubuta masa dogayen wasiƙu kan matsalolin mulkin Arewa. A bakin kotuna da gidajen waya kuwa, marubuta wasiƙa sun mayar da abin sana'a. Saboda yadda ake cutar waɗanda ba su iya karatu ba, tun zamanin mulkin mallaka aka yi dokokin da suka wajabta wa mai rubuta wa wani takarda ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta. Dokar kaɗai ta isa nuna haɗarin da ke cikin miƙa bakinka ga alƙalamin wani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Matsayin darasin a manhaja

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimi kyauta na shekara 9: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar NERDC, mai tsara manhaja, ta fitar da manhajar waɗannan shekaru aka fara aiki da ita a 2008, aka soma amfani da wadda aka yi wa gyara a 2014. Rubutun wasiƙa na zuwa ne a manyan azuzuwan firamare, daga aji 4 zuwa 6, a darasin Turanci, haka kuma a ƙarƙashin insha'i a darasin Hausa. Da wasiƙar zumunci ake farawa, sannan a shiga ta hukuma.

Darasin na bin yaro har ƙarshen sakandare. A jarrabawar Turanci ta WAEC, wasiƙa na cikin zaɓin da ake ba ɗalibi a sashen insha'i, inda ake son kalmomi kusan 450, a raba maki 50 gida huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Wannan rabo yana da darasi ga malamin firamare. Adireshi da gaisuwa da rufewa, waɗanda ake ɓata makonni ana haddacewa, ɓangare ne kawai na makin tsari. Mafi yawan makin yana ga iya faɗin magana a fili.

Mene ne kundin darasi?

Kundin darasi ɗan littafi ne da ya tsaya kan fasaha guda ɗaya, wanda mai koyo zai iya bi da ɗan taimako. Yakan ƙunshi manufar da ake son cimmawa, gwajin farko don a san inda yaro yake, bayani a taƙaice, misalai, ayyukan yi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, gwajin ƙarshe, da ma'aunin da za a duba aikin da shi. Ya bambanta da littafin karatu, wanda ke ɗauke da aikin shekara guda. Ya kuma bambanta da tsarin darasi, wanda malami ke riƙewa. Kundi a hannun ɗalibi yake zama.

Malaman Kaduna sun san wannan tsari. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a 1976 mai hedikwata a Kaduna kan hanyar Zariya, da irin waɗannan kundaye take koyar da malamai daga nesa. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida ciki har da Kaduna da Kano da Jigawa, ya samar wa malaman firamare rubutattun tsare-tsaren darasin karatu da lissafi. A wasu ƙasashe an kai abin har hannun yara: da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, ƙasar Filifin ta buga kundayen koyo a gida ta raba wa ɗalibai.

Tunani biyu ne ginshiƙin hanyar. Na farko na Benjamin Bloom ne, masanin ilimi ɗan Amurka, wanda a 1968 ya yi bayanin cewa yawancin yara za su iya ƙwarewa a darasi idan aka rarraba shi ƙanana, aka gwada su bayan kowane kashi, aka ba wanda bai gane ba ƙarin lokaci kafin a wuce. Na biyu ya fito daga masana harshe a birnin Sidni na Ostareliya a shekarun 1980, irin su J. R. Martin da Joan Rothery, waɗanda suka tsara koyar da nau'o'in rubutu a zango uku: a warware samfuri a ga yadda aka gina shi, malami da yara su rubuta tare, sannan yaro ya rubuta shi kaɗai. Hujjarsu ta shafi adalci. 'Ya'yan ma'aikata na tsintar salon rubutun ofis a gida, ɗan talaka kuwa in ba a koya masa a fili ba, babu inda zai same shi.

Yadda kundi ɗaya zai iya tafiya

Ga misalin kundin da ya bi waɗannan ƙa'idoji, na aji 5 ko 6, wanda zai ɗauki mako biyu zuwa uku.

Mataki na 1, gwajin farko. Kowane yaro ya rubuta wa shugaban makaranta layi uku ko huɗu yana neman izinin fashin kwana ɗaya. Ba a ba da maki. Malami na son ya ware waɗanda ke iya haɗa jimla daga waɗanda ke buƙatar a koma da su baya.

Mataki na 2, kwatantawa. A shafi ɗaya a ajiye wasiƙa biyu kan magana guda, ɗaya zuwa ga kawu, ɗaya zuwa ga shugaban makaranta. Yara su nemo bambancin da kansu.

Mataki na 3, sassa. A yayyanka wasiƙa gida takwas, a cakuɗa, yara su jera ta a rukuni-rukuni, su faɗi aikin kowane yanki.

Mataki na 4, wa za a rubuta wa? A jera matsaloli a gefe ɗaya, ofisoshi a ɗaya gefen, yara su haɗa kowace matsala da mai alhakinta.

Mataki na 5, rubutun haɗin gwiwa. Aji ya zaɓi matsala ta gaske a makaranta. Yara su ƙirga, su auna, su tambayi ranar da abin ya faru. Malami na riƙe da alli, yara na kawo jimloli, ana gogewa ana gyarawa. Gundarin ya amsa tambaya uku a sakin layi uku: su wane ne mu kuma me ya kawo mu, mene ne hujjarmu, me muke so a yi.

Mataki na 6, rubutun kai. Kowa ya rubuta tasa kan wata matsala dabam, ya yi musaya da abokin zamansa, su duba wa juna da jerin tambayoyin da ke bayan kundin.

Mataki na 7, aikawa. A zaɓi wasiƙa ɗaya, a kwafe ta sau biyu, a kai ɗaya, a nemi wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayar. A manna kwafin a bangon aji. In mako biyu ya wuce babu amsa, darasi na gaba shi ne wasiƙar tunatarwa.

Ga irin abin da mataki na 5 zai iya haifarwa. Misali ne kawai don bayani:

Aji Shida,
Makarantar Firamare ta ……,
Gonin Gora,
Jihar Kaduna.
12 ga Mayu, 2025.

Shugaban Kwamitin Kula da Makaranta,
Makarantar Firamare ta ……,
Gonin Gora.

Ranka ya daɗe,

ROƘON GYARAN FAMFON MAKARANTA

Mu ɗaliban aji shida muna rubuto wannan wasiƙa ne don mu sanar da kwamiti cewa famfon makarantarmu ya lalace.

Famfon ya daina ba da ruwa tun makon farko na wannan zango. A lokacin tara, yara na fita waje neman ruwa, wasu har sai sun tsallaka titi. Mun ƙirga a makon jiya, mun ga yara goma sha ɗaya daga ajinmu sun makara dawowa aji saboda haka.

Muna roƙon kwamiti ya turo mai gyara ya duba famfon, ya kuma sanar da mu ranar da za a fara aikin.

Naka mai biyayya,
sa hannu da cikakken suna,
Shugaban Aji, a madadin ɗaliban aji shida.

Babu zagi a cikin wannan wasiƙa, babu kuma fadanci. Akwai abin da ya faru, da lokacinsa, da adadi, da buƙatar da za a iya amsawa da i ko a'a.

Ajin Gonin Gora

Gonin Gora na kan babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, ita ce kusan ƙofar birnin ga mai shigowa daga kudu. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma faɗaɗar birni ta tara mata jama'a daga ko'ina. Bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, mazauna Kaduna da yawa sun sauya unguwa gwargwadon addini, unguwannin kudancin kogi suka cika suka batse. A aji ɗaya ana iya samun ɗan Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da Ham da Ibo da Bayarabe da Bahaushe. Hausa da Turancin buroka su ne harsunan wasa da kasuwa, Turancin littafi kuwa sai a aji.

Wannan na shafar darasin ta fuska biyu. Ta farko ita ce harshen koyarwa, wanda gwamnati ta yi ta sauya matsaya a kansa. Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana cewa a koyar da harshen uwa ko harshen yankin a shekara ukun farko, a koma Turanci daga aji 4. A Nuwamban 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a yi shekara shidan firamare duka da harshen uwa. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da janye wannan tsari. Ko wace doka ke aiki, malamin da ke gaban aji mai harsuna takwas ya san cewa yara sun fi tsara hujja a harshen da suka fi sakewa da shi. Kundi mai kyau na barin a tattauna matsalar da Hausa ko buroka, sannan a zuba ta a Turancin ofis.

Ta biyu ita ce ladabi. A al'adun yankin nan duka, ba a tunkarar babba da buƙata sai an gaishe shi, an tambayi gida da aiki da gajiya. Wasiƙar hukuma ta Turanci kuwa kai tsaye take shiga magana. Shi ya sa yara ke buɗe wasiƙar neman izini da tambayar lafiyar iyalin shugaban makaranta, malami ya ja jan biro a kai. Yaron bai yi kuskuren tarbiyya ba, dokar gida ya kai ofis. Abin da ya kamata a nuna masa shi ne cewa a wannan nau'in rubutu, girmamawa tana cikin kiran mutum da muƙaminsa, da tsabtar takarda, da rashin ɓata masa lokaci.

Sai batun katsewar karatu. An rufe makarantu a Maris na 2020 saboda korona. A 2021 ƙaramar hukumar Chikun ta ga satar ɗaliban Jami'ar Greenfield a Afrilu da na makarantar sakandaren Bethel Baptist a Yuli, abin da ya sa gwamnatin jihar ta rufe wasu makarantu ta kuma ɗage komawa daga hutu. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban shekarar an katse layukan waya a wasu sassan jihar. A Janairun 2022 makarantun gwamnati suka koma karatun kwana huɗu a mako. A Maris na 2024 aka sace ɗaliban Kuriga, ita ma a Chikun. A irin wannan yanayi kundin takarda na da fifiko bayyananne: ba ya buƙatar caji ko data, yaro na iya tafiya da shi gida, in an dawo kuma malami zai ga shafin da kowa ya tsaya.

Inda kundin ke gazawa

Kundi na ɗauka cewa yaro ya iya karatu. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF, ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14 ke da ƙwarewar karatu ta matakin tushe. Yaron da bai iya karanta umarnin shafi ba, kundin wasiƙa ba zai amfane shi ba sai an fara gyara masa karatu. Amfanin gwajin farko ke nan.

Kundi kuma ba ya maye gurbin malami. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin 100 da ta gindaya ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙi amincewa da yadda aka yi gwajin, ta shiga yajin aiki. A 2022 an sake sallamar fiye da 2,000. Duk ɓangaren da mutum ya goya wa baya a wannan taƙaddama, gaskiya ɗaya ta rage: mataki na 5 ba ya yiwuwa sai da malamin da shi kansa ya iya tsara wasiƙa a gaban yara.

Akwai yawan ɗalibai. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma makarantun gwamnati da dama a birane sun zarce haka nesa. Tambayar zaɓi ana iya duba ɗari a cikin awa guda, wasiƙa kuwa sai an karanta ta layi-layi. Duba wa juna da jerin tambayoyi na rage nauyin, ba ya kawar da shi. Akwai kuɗin bugawa, domin kundin da ake rubutu a ciki yaro ɗaya yake yi wa aiki. Akwai kuma matsalar da Filifin ta gani, inda aka yi ta ƙorafin kurakurai a cikin kundayen da kuma manya da ke cike wa yara amsa a gida. Yanzu wayar hannu ma na iya rubuta wasiƙa cikin daƙiƙa kaɗan. Maganin duka ɗaya ne: a yi rubutun ƙarshe a aji, kan matsalar da yaron ya gani da idonsa.

Dole kuma a kiyaye yaran. Wasiƙar aji ta tsaya kan al'amuran makaranta, ta bi ta hannun shugaban makaranta, kada a sa lambar waya ko adireshin gidan yaro. Ba daidai ba ne babba ya ari hannun ɗalibai ya yi faɗansa na siyasa.

Daga aji zuwa ofis

Mataki na 4 shi ne darasin siyasa na farko da yaro ke samu ba tare da an kira shi da wannan suna ba. Famfon makaranta na shugaban makaranta ne da kwamitin kula da makaranta, wanda ya haɗa iyaye da malamai da shugabannin unguwa. Ƙarancin malamai na Sakataren Ilimi ne na ƙaramar hukuma, daga shi sai hukumar SUBEB ta jiha. Kwalbatin unguwa na kansila ne da shugaban ƙaramar hukuma a Kujama, hedikwatar Chikun. Babbar hanyar Abuja ta gwamnatin tarayya ce. Ƙorafi mai kyau da aka kai ofishin da ba nasa ba, a aljihun tebur yake ƙarewa.

Dokokin ƙasa da yawa sai da irin wannan takarda suke motsi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2011, ta ba kowa damar neman bayani daga ma'aikatar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa, ta kuma ba wanda aka hana damar zuwa kotu cikin kwana 30. Daga ranar da aka karɓi takarda ake fara ƙirga kwanakin, don haka kwafin da aka buga wa hatimin karɓa shi ne makamin mai nema. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, da aka kafa a 1975, na karɓar ƙorafi kan ma'aikatu. Majalisun dokoki na da kwamitocin koke-koke. Sashe na 69 da na 110 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ce yi wa ɗan majalisa kiranye na farawa ne da takardar koke zuwa ga hukumar zaɓe, ɗauke da sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar.

Mutanen Gonin Gora sun san ɗaya hanyar isar da kuka. A farkon 2024, bayan hare-haren masu garkuwa da mutane a unguwar, mazauna sun tare hanyar Abuja suna neman a ba su tsaro. Wanda aka sace wa ɗan'uwa da dare ba za a ce masa ya zauna jiran amsar wasiƙa ba, kuma kowa ya san takardu nawa ne ke kwana a ofisoshi babu mai waiwayarsu. Sai dai zanga-zanga na watsewa da yamma, rubutu a Facebook na nutsewa cikin kwana biyu. Takarda mai kwanan wata da hatimi ita ce ke hana jami'i cewa ba a taɓa gaya masa ba, ita ce lauya ke nema, ita ce ɗan jarida ke kafa hujja da ita.

Abin da mai karatu zai iya dubawa

Wanda ke da ƙane ko ɗa a aji 5 ko 6 zai iya gane irin koyarwar da ake yi masa cikin minti goma. A buɗe littafin rubutunsa: wasiƙa nawa ya rubuta a zangon nan, kuma iri ɗaya ce da ta abokinsa kalma da kalma? A sauya masa tambaya, a ce ya rubuta wa kansila maimakon shugaban makaranta, a ga ko zai iya. A tambaye shi dalilin sa kwanan wata. A tambayi makarantar ko an taɓa aika wasiƙar ɗalibai zuwa wani wuri, ko an samu amsa.

Ƙungiyoyin matasa da ke koyarwa a lokacin hutu na iya haɗa irin kundin da aka bayyana a sama a shafi goma sha biyu, su nuna wa malamin aji ya gyara kafin a buga. Akwai kuma gasar rubuta wasiƙa ta yara masu shekara 9 zuwa 15, wadda Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ke shiryawa duk shekara tun 1971, hukumar NIPOST ke kula da ita a Najeriya. Jami'in da wasiƙar 'yan aji shida ta iso teburinsa shi ma yana da rabonsa na aikin: ya amsa ta a rubuce, ko da layi uku ne, domin daga amsarsa yaran za su yanke hukunci ko rubuta wa hukuma na da amfani.